Maganin ƙwaƙwalwa a kantunan Katsina: wanne ya cancanci kuɗinka?

Da zarar jarrabawar WAEC da JAMB ta ƙarato, leƙa kemis-kemis daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga, za ka tarar an turo robobi masu hoton ƙwaƙwalwa gaban kanta. Iyaye na saya wa yara don karatu ya zauna, manyan 'ya'ya kuma na saya wa tsofaffi saboda mantuwa. Ni ma na bi wannan layin lokacin da Gwaggona ta fara ɗora tukunya ta manta da ita, sai ƙauri ya isa zaure.

Wanda mai kemis ya fara miƙo mini shi ne ginko, a jikin roba ana rubuta Ginkgo biloba. Ganyen wata bishiya ne daga ƙasar Sin, kuma shi ne ya fi suna a wannan fage. Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne an riga an yi masa gwaji na ƙwarai a Amurka. An ɗauki tsofaffi sama da 3,000 masu shekara 75 zuwa sama, rabi ana ba su miligiram 240 kullum, rabi kuma ƙwayar da babu komai a cikinta, aka bi su kusan shekara 6. Da sakamako ya fito a 2008, gigin tsufa ya kama masu shan ginko kamar yadda ya kama sauran. Ga shi kuma yana iya tsinka jini, wanda ke shan asfirin ko warfarin, maganin hana daskarewar jini, ya haɗa da shi yana kusantar zubar jini. Tsofaffinmu masu hawan jini da yawa suna kan ƙaramin asfirin ɗin nan na kullum, Gwaggo ma tana ciki. Na mayar da robar kan kanta.

Man kifi, wato omega-3, hujjarsa ta fi daɗin ji, don gaskiya ne akwai irin wannan kitsen a ginin ƙwaƙwalwa. Sai dai gwaje-gwajen da aka yi kan manya masu lafiya ba su nuna kafson yana kaifafa tunani ba. In kitsen kake so, kifin teku irin su titus da sardin na gwangwani suna ɗauke da shi fiye da tarwaɗar dam, ci sau biyu a mako ya wadatar, ka kuma ƙoshi. Akwai wata matsalar da ta shafe mu musamman: zafin Afrilu a Katsina yana haura digiri 40, man da ya daɗe a shagon kwano kuwa lalacewa yake. Wanda ya riga ya saya ya huda ɗaya ya sunsuna. In ya ji warin tsohon mai, kuɗi sun tafi.

Haɗaɗɗen bitamin na kullum, wanda ya fi sauran arha, shi ne ya ɗan taɓuka abin kirki. A wani bincike na Amurka da aka fitar a 2022, mutum fiye da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama sun shekara 3 ana gwada su, masu shansa suka ɗan fi sauran a gwajin tunani. Bambancin ƙarami ne, ba irin wanda iyalin gida za su lura da shi ba, kuma babu wanda ya ce yana hana gigin tsufa. Amma ga tsohon da haƙora suka kare, abincinsa ya koma koko da kunu, ni ba zan hana shi ba.

Sai na tsada, waɗanda 'yan'uwa ke aikowa daga waje ko ake tallarsu a Facebook. Mutane na ɗauka duk abin da ya fito daga Amurka an tantance shi. Dokar ƙasar ta 1994 ba ta tilasta wa kamfanin irin waɗannan ƙwayoyi ya tabbatar suna aiki kafin ya kai su kasuwa ba. Prevagen misali ne: sinadarinsa furotin ne da aka fara samowa daga wata halittar teku, kuma a 2017 hukumar kula da cinikayya ta Amurka tare da jihar New York suka maka kamfanin a kotu kan tallar da ya yi cewa yana gyara mantuwa. Furotin dai in ya shiga ciki narkewa yake kamar na ƙwai. Akwai kuma wani sinadari mai suna vinpocetine da ake sakawa cikin wasu robobin. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi mata masu ciki da masu neman haihuwa cewa yana iya jawo ɓari. Mace ta karanta bayan roba kafin ta haɗiya.

Namu na gida fa? Zuma, zabibi, lubban da habbatussauda sun daɗe a hannun masu hadda, kuma ba ni da ja da mai ci don abinci ko don albarka, illa mai ciwon suga ya tuna zuma da zabibi zaƙi ne. Inda nake tsayawa shi ne garin da aka ƙulla a leda ko aka ɗura a gorar ruwa, mai mota da lasifika yana rantsuwa yaro zai haddace littafi a mako. Wannan cinikin biri a sama ne, ba ka san me aka zuba ba. Ko mai lambar NAFDAC ma sai an fahimce ta. Magungunan gargajiya da lambarsu ta ƙare da harafin L, abin da hukumar ta duba shi ne ba sa cutarwa, shi ya sa za ka ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ba ta tantance ikirarin da aka yi ba.

To me ya faru da Gwaggo? Da muka kai ta asibiti, likita bai tambayi robar komai ba. Ya ce, "Hajiya, shekara nawa kina shan maganin suga?" Ta ce, "Likita, tun kafin auren autata." Ya sake tambaya ko tana jin tafin ƙafarta kamar ana tsira mata allura, ta dube ni ta ce ai ta sha faɗa mana ba mu kula ba. Aka ɗibi jini, aka ga bitamin B12 ya yi ƙasa. Metformin, wato maganin suga, in an daɗe ana sha yana rage shi, haka ma omeprazole na gyambon ciki, ƙarancinsa kuwa yana kawo mantuwa da mutuwar ƙafa. Allurai aka rubuta mata, kuɗinsu bai kai na robar ginko guda ba.

A nan ne magani ke aiki a fili, inda jiki ya rasa wani abu aka cike masa. Ƙarancin jini na hana yara da 'yan mata mayar da hankali a aji, kuma gwajinsa ba ya da tsada. Aidin na da muhimmanci ga ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, shi kuma gishirin leda mai aidin ya isa, ba sai an sayi kafso ba. Ɗalibin da ke raba dare da goro da kofi zai ji idonsa ya buɗe, amma karatun da aka yi da rana a cikin barci yake zama, don haka wanda ya hana kansa barci ya tara ne a rariya.

Kafin ka zaro kuɗi, yi lissafin nan a gaban kanta. Ƙirga ƙwayoyin cikin roba, duba nawa aka ce a sha kullum, za ka ga wata robar mai 60 ta wata ɗaya ce kawai, mai sayarwa kuma zai ce sai an jera wata 3 kafin a ga aiki. Ninka farashin sau uku, ka kwatanta da na'urar awon hawan jini ta gida. Saukar da hawan jini yana da hujjar kare ƙwaƙwalwa wadda babu ɗaya daga cikin robobin nan da ke da ita. Tsohon da ake cewa ya fara ruɗewa kuma a duba masa kunne, wani ba mantuwa yake ba, bai ji abin da aka faɗa ba ne tun farko. In kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, wannan ba zancen kemis ba ne, a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko asibiti mafi kusa nan take, a kwashi duk magungunan da yake sha a leda a tafi da su.

Gwaggo har yanzu takan nemi carbinta yana wuyanta, amma tukunya ta daina ƙonewa. Ɗanta da ke Legas ya aiko mata da wata roba mai hoton ƙwaƙwalwa bayan an gama alluran. Ta juye ƙwayoyin, yanzu allura da zare take ajiyewa a ciki.