Lambatu, bututun ƙasa ko intalok: wanne zai hana ruwa cin farfajiyarka?

Rufi mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 20, lita 2,000 ke nan indararo zai kwararo maka a tsakar gida. Wannan ruwan ne ke rarake gefen daɓe, ya kwashe yashin da ke ƙarƙashin hanyar mota har kankare ya tsage. Kafin ka sayi komai, duba gangara: ƙasa ta riƙa sauka santimita 2 a kowace mita, daga jikin gini zuwa waje.

Ni dai zaɓina lambatu mai murfin raga, wanda ake gittawa a bakin gareji ko gefen farfajiya. Dalilina ɗaya ne: ido na ganin cikinsa. Ganye ko laka ta taru, ka ɗaga murfi, ka kwashe da hannu, ka bi da bokitin ruwa, shi ke nan. Sai dai ka duba lambar da ke jikin murfin. A15 na tafiyar ƙafa ne kawai. Inda mota za ta taka, B125 ake sawa. Ka kuma tabbatar bakin lambatun na zubarwa can nesa da harsashin gini, ba jikin katangar maƙwabci ba.

Zuba kankare ko'ina bai magance komai, ƙara wa ruwa gudu yake yi. Intalok mai shanye ruwa yana da kyau a ƙasa mai yashi, amma a ƙasar yumɓu ɓarnar kuɗi ce.

Bututun ƙasa kuwa, wato mai huje-huje da ake binnewa cikin tsakuwa, shi ya ja min asara. Aikinsa janye ruwan da ya jiƙe ƙasa, kuma yana yi in an yi shi da gaskiya. Nawa damina biyu ya yi ya toshe. Da muka tone, sai ga tsakuwa cakuɗe da ƙura ta daskare, babu ƙyallen tace laka da na biya kuɗinsa, tsofaffin buhuna aka shimfiɗa. Bututun ma ya lotse, da babban yatsa nake danna shi. Abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Saboda haka kada ka bari a rufe rami ba ka nan. Damƙi tsakuwar ka murza. In ta bar ƙura a tafin hannunka, ba wankakkiya ba ce, a mayar. Taka bututun da ƙafa tun a shago. Ga wata dabara ta masu ha'inci: su nuna maka murfin lambatu mai kauri, ranar aiki su kawo siriri mai fenti iri ɗaya, don haka ka riƙe samfurin a wajenka. Ragowar kuɗin magini kuma kada ya fita sai ka saki ruwan tiyo daga sama, ka je ƙarshen magudanar ka ga ya fito da idonka.