Taswirar Roba ta Kusurwar Afirka: Amfaninta da Naƙasunta a Aji

Wannan taswira ta roba ce mai tudu da kwari, irin wadda ake ratayewa a bango, kuma ta ƙunshi Habasha da Eritiriya da Jibuti da Somaliya, haɗe da gabashin Sudan da gaɓar Bahar Maliya. Makarantarmu ta saye ta a wani kantin littattafai da ke kasuwar Gadarif, a nan gabashin Sudan, domin darasin labarin ƙasa, kuma kuɗinta ya fi na taswirar takarda nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa na ga kuɗin bai tafi a banza ba shi ne, tana fahimtar da yaro dalilin da ya sa kogunanmu suke tasowa daga ƙasar wasu. A kan takarda, launi kawai ake shafa wa tsaunukan Habasha, malami ya yi ta bayani har muryarsa ta dushe, yaran da suka tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suna kallonsa. A nan kuwa ɗalibi yana ɗora yatsa a tafkin Tana, ya bi Shuɗin Nilu yadda ya yi kudu ya lanƙwaso yamma, ya ji yatsan yana gangarowa har Rusairis, ya wuce Sinnar da Wad Madani, ya tarar da Farin Nilu a Hartum. Wata ɗaliba da ta bi kogin Gash daga tuddan Eritiriya, inda ake kiransa Marib, ta ɗago kai ta ce, "Malam, ashe shi ya sa yake cika Kasala ko da ba a yi ruwa a garin ba." Haka ma Sitit, wanda Habashawa ke kira Takaze, ana ganin inda ya haɗu da Atbara kafin madatsar Hashmil Girba da aka kammala a 1964.

Bambancin tudu da kwari ya fito sosai, domin tafin hannu ɗaya yana iya rufe dutsen Ras Dashen, mai tsayin sama da mita 4,500, ya kuma taɓo tafkin Assal na Jibuti, wanda yake kimanin mita 155 ƙasa da doron teku. Sai dai masu taswirar sun ƙara wa duwatsun tsini, kamar yadda aka saba a irin wannan aiki, amma ba su rubuta ninki nawa suka ƙara ba, don haka dole malami ya ja kunnen yara kada su ɗauka haka ƙasar take.

Ta fuskar iyakoki kuwa, zanen tsoho ne. Eritiriya, wadda ta sami 'yancin kai a 1993, tana nan da iyakarta, kuma wannan yana sauƙaƙa bayanin yadda Habasha ta rasa bakin teku ta koma dogaro da tashar Jibuti. Amma babu layin da ya raba Sudan da Sudan ta Kudu tun 2011, babu kuma babbar madatsar ruwa ta Habasha da aka fara ginawa a shekarar ta 2011, alhali ita ce abin da ɗalibai suka fi tambaya a kai. An ja iyakar Fashaga, yankin noman da Sudan da Habasha ke jayayya a kansa, da layi guda ba tare da wata alamar taƙaddama ba, abin da ba ya shiga kunnen ɗan manomin Gadarif. Sunayen garuruwa da Larabci suke, da ƙananan haruffan da na layin baya ba ya iya karantawa, kuma 'ya'yanmu sun nemi Maiwurno, garin Hausawa da Fulani da ke kusa da Sinnar, sun rasa.

Robar ba ta da kauri, har zafin bazara ya fara tanƙwara gefen da ke fuskantar taga. Wanda zai saya ya sa kafinta ya yi mata katako a baya, ya kuma tanadi alƙalamin da ba ya gogewa domin ƙara madatsar da sabuwar iyakar da hannunsa.