Masu gyaran lambun da suka ƙona min ciyawa ana saura wata biyu biki

Tun watan Yuni na ɗauki wasu yara masu gyaran lambu, su riƙa zuwa gidana a Barhim sau biyu a wata. Ciyawar kiri-kiri ce a farfajiyar, shekara 4 ina fama da ita, har da sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa lokacin bazara kafin mu yi burtsatse. Da farko ban ga laifinsu ba. Sukan zo da injinsu mai igiyar roba, su yanke, su share, su ɗura a buhu su miƙa wa maƙwabcina mai tumaki. Har wani abokina a Ƙofar Ƙaura na haɗa su da shi.

Da marka ta zauna cikin Agusta, aya-aya da ƙarangiya suka ɓullo ta ko'ina. Ƙarangiyar ce ta fi damuna, don kullum sai Hajiya ta zauna tsince ta daga wandunan jikoki. Na kira ogansu na ce, "Malam, a cire min su kafin su zubar da iri." Cirewa na ce, kuma duk Bakatsine ya san da hannu da fartanya ake wannan aiki. Na yi tafiyar kwana uku zuwa Funtuwa, na dawo Hajiya ta ce yaro ɗaya ne ya zo, goye da famfon feshi, bai yi rabin awa ba ya tafi.

Kwana biyar ciyawa ta fara rawaya. Kwana goma, wallahi kamar tsakiyar hunturu, ga sama na zubar da ruwa, ga farfajiya ta bushe ƙurmus. Na durƙusa na ja reshe ɗaya, ya biyo hannuna ba gardama, saiwar ta yi baƙi. A bayan tankin ruwa na tsinci robar da ya jefar, an rubuta glyphosate a jiki. Wannan fa shi ne maganin da manoma ke fesawa su share gona kafin shuka. Ta ganye yake shiga ya gangara har saiwa, ba ruwansa da wadda ka dasa ko wadda ta fito da kanta. Ko maganin feshi na 2,4-D da ke barin ciyawa, masu faɗin ganye yake kashewa, ba zai taɓa ƙarangiya ba tunda ita ma dangin ciyawa ce. Mutumin da ke cin abinci da lambu ya kamata ya san wannan. Sai da na je na roƙi maƙwabcina kada ya bar dabbobinsa su kusanci komai daga gidana.

Abin da ya fi min zafi, a farfajiyar nan muka shirya yin kamun ɗiyata a watan Oktoba. Ita da kanta ta zaɓi wurin. Ranar da ta gani ba ta ce komai ba, ta tsaya kallo ta koma ɗaki.

Ba zan ci haƙƙin ogan ba, ya zo da kansa, bai yi musu ba. "Alhaji, a yi haƙuri, yaron sabo ne." Bayan mako guda ya kawo mutum uku suka kafce wurin, suka zuba ruɓaɓɓen takin shanu, suka dasa sabuwar kiri-kiri layi-layi. Aikin ya yi kyau, har zuciyata ta fara sanyi, na ce wa Hajiya ai kuskure ne, kowa na yi.

Sai ga shi da yamma ya turo min lissafin kuɗin irin ciyawa da na taki. Ni aka yi wa ɓarna, ni kuma zan biya! Nan na tuna a Yuli ma sun taɓa aske ciyawar har ƙasa ta bayyana, alhali ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a yanka guda, na yi shiru. Na tuna takin yuriya da suka watsa kan jiƙaƙƙen ganye da rana tsaka, ya bar tabo-tabo. Duk na haɗiye saboda ladabinsu. Kuɗin taki na biya, na iri kuwa na ce ba zan ba da ko sisi ba, na kuma kira abokina na ce kada ya bari famfon feshinsu ya shiga ƙofarsa.

Yanzu Satumba ta yi nisa, ruwan Katsina kuwa daga ƙarshen watan nan sai ɗaukewa. Sabon dashen bai haɗe ba, ƙasa ce ja tsakanin layukan, kuma aya-aya ce ta fara dawowa, don 'ya'yanta na can ƙarƙashin ƙasa. Kullum bayan Asuba ina nan da tiyo da ƙaramar fartanya. Hajiya ta riga ta yi magana da masu hayar darduma.