Gargaɗi kan masu “maganin yoyo” da ke bin gidaje masu kwamin ninƙaya a Accra

Assalamu alaikum 'yan uwa. Saƙon nan na masu gidaje ne a East Legon da Adenta da Oyarifa da Spintex da Pokuase, musamman waɗanda ke zaune a Bronx ko Hamburg ko Landan suka bar wa ƙane ko ɗan 'yar uwa riƙon gida. Akwai wasu mutane da ke tallar kansu a Facebook da TikTok da WhatsApp, wai suna toshe yoyon kwamin ninƙaya da na bangon nan da ake ginawa a gefensa, wanda ruwa ke kwararowa daga samansa. Cewa suke suna da na'ura daga Jamus mai ganin yoyo ta cikin kankare, da wani magani daga Dubai wanda ba sai an fasa ko tayil ɗaya ba. Ni aikin famfo nake yi, a Nima na koya, kuma gidajen da aka kira ni gyara bayan wucewarsu sun ishe ni in gane cewa salonsu ɗaya ne.

Mutumin zai zo fes da shi, da rigar aiki mai tambari da yara biyu a bayansa. Ya sa abin sauraro a kunne, ya zagaya bango yana girgiza kai, ya ce Allah ya taimake ku da kuka kira shi da wuri. Na'urar sauraron yoyo gaskiya ce, akwai ta. Amma mai ita na ainihi sai ya toshe bakin bututu ya matsa masa iska ko ruwa kafin ya kasa kunne, domin ƙarar abin da ke fita ta tsaga ita ake saurara. Shi wannan ko bawul ɗaya ba ya taɓawa. Daga nan sai maganar kuɗi: kashi 70 cikin 100 kafin alƙalami, ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, don wai maganin na tashar jirgin ruwa ta Tema sai an fanso shi. Washegari su shafa silikon a gaɓoɓin tayil, su mulka kwalta a bayan bango, su tuttula wani farin ruwa galan guda a cikin kwami, a ɗauki bidiyo a aika wa Alhaji a Amurka.

To ga inda damfarar take, kuma saboda wannan na zauna rubutu. Kafin ya tafi zai ja kunnen mai riƙon gida: “Kada a kunna bangon nan sai bayan sati biyu, sai magani ya kama. In kuka kunna kuka ɓata, babu ruwana.” Bayan mako guda ya bugo waya da fara'a: “Hajiya, a leƙa a gani, ruwa ya sauka?” A leƙa, ruwa na nan inda yake. A yi hamdala, a tura masa ciko.

Ruwan bai sauka ba ne saboda yawancin yoyon irin wannan bango ba ya faruwa sai injin da ke tura ruwa saman bangon na aiki. Bututun da ke hawa cikin bango da ƙaramin akwatin da ke samansa, inda ruwa ke taruwa kafin ya zubo, babu matsi a cikinsu in an kashe inji. Fasasshen tulu ma ba ya yoyo in ba a zuba masa ruwa ba. Ranar da aka kunna, ruwa ya ci gaba da tafiya yadda ya saba, wayar mutumin kuma ko dai a kashe, ko ya ɗauka ya ce ai kun kunna da wuri, yanzu sai an fasa bango gaba ɗaya, da sabon farashi. A wani gida na tarar sun bar ruwa ya sauka ƙasa da inda tsagar take, suka ce a bar shi haka “don magani ya sha iska”. Ina ruwa zai bi ya fita, tunda bai kai tsagar ba?

Kafin ka kira kowa, har ni, yi awon bokiti. Ba ya cin ko sisi. Ka ɗora bokiti a kan matakalar kwami, ka zuba masa ruwan kwamin har ya yi daidai da na waje, ka sa alama ciki da waje, ka bar shi awa 24 inji a kashe. Kashegari ka sake, wannan karon inji na aiki, bango na zubo da ruwa. Abin da ya ragu a bokiti rana da iska ne suka sha. Abin da kwami ya rage fiye da haka, shi ne abin bincike. Kada a yi ranar da aka yi ruwan sama. Rana kaɗai tana iya shan kusan rabin santimita a yini, da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, abin ya fi haka, kuma ruwan da ke zubowa daga bango ya fi na kwance saurin bin iska, ga fantsama. Shi ya sa da hunturu kasuwar mutanen nan ta fi ci: mai gida ya ga ruwa na raguwa ya tsorata, alhali wani lokacin babu yoyon ma sam.

Ku yi lissafin da kanku. Kwami mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4, in ya sauka santimita 1, lita 320 ke nan. In santimita 3 yake sauka kullum, lita 960 ce a rana, kusan 29,000 a wata. Wanda ke sayen ruwan tanka a Adenta ya san abin da wannan ke nufi a aljihu. Kuma ruwan ba ɓacewa yake ba, ƙarƙashin harsashin gini yake shiga, ko na katangar maƙwabci.

In awon ya nuna ragin ya fi yawa sosai lokacin da inji ke aiki, to laifin na bango ne ko na bututun da ke kai masa ruwa. In daidai yake ko an kunna ko an kashe, a nemi yoyon a jikin kwamin. Shi bangon, wurin da na fi kama shi shi ne inda bututun roba ya ratsa kankare. Siminti ba ya kama roba, komai ƙwarewar magini, sai an sa masa abin liƙi na musamman, in ba haka ba ruwa zai bi jikin bututun ya gangara cikin bulo. Sai akwatin sama, wanda magina da yawa ke yi wa filasta su manna tayil su ce sun gama. Tayil ba ya hana ruwa. Simintin da ake cusawa tsakanin tayil da tayil yana shan ruwa, dole sai an shafa abin hana ruwa a ƙarƙashi kafin a manna. Akwai kuma leɓen da ruwa ke zubowa ta kansa: in bai fito sosai ba, ko bai zauna daidai ba, ruwa kan naɗo ta ƙarƙashinsa ya koma cikin bango, kai kana kallon gaba kana jin daɗi, baya na jiƙewa.

Wanda ya fi wuya shi ne mahaɗar bango da bakin kwami. Sau da yawa bangon daga baya aka ƙara shi, bayan Alhaji ya ga irinsa a otal, kuma aka ɗora shi a kan harsashinsa daban. Gini biyu ne, kowanne da yadda yake motsi, balle inda ƙasa baƙin yumɓu ce mai kumbura da damina ta tsage da rani. Duk simintin da ka cusa a wannan mahaɗa zai sake tsagewa. Abin liƙi mai taushi ake sawa, wanda zai bi motsin. Farin ruwan da ake tuttulawa a kwami kuwa, akwai na gaskiya a kasuwa, kuma yakan toshe 'yar tsaga siririya kamar gashi na ɗan lokaci, amma ba ya ɗinke fasasshen bututu, ba ya riƙe mahaɗa mai motsi. Kwaltar bayan bango ita ce ta fi ba ni haushi, don ruwa daga ciki yake turowa, sai dai ta ɓoye danshin rodi ya yi ta tsatsa a ciki.

Zagaya bayan bangonka ka duba. Farin gishiri-gishiri a jikin filasta, gansakuka, fenti mai kumburi, ƙasa mai laima da rani, duk shaida ne. In kana zargin wata tsaga da ke cikin ruwa, kashe inji, bari ruwa ya kwanta, ka ɗiga kalar abinci da sirinji kusa da ita. In akwai yoyo za ka ga kalar na shigewa. Bututu kuma awonsa da geji ne, wato agogon auna matsi: a toshe bakinsa, a matsa masa, a zuba wa allura ido. Duk mai gyaran da bai zo da geji ba, kuma bai yi zancen waɗannan ba, hasashe yake yi da kuɗinka. Kada kuma ku yarda a kwashe ruwan kwami kaf a tsakiyar damina, wajen Mayu da Yuni, domin ruwan ƙasa na iya turo kwamin ya tsaga shi.

Batun biya, sharaɗi ɗaya nake roƙo ku riƙe: ba a biyan ciko sai bango ya yi aiki, an sake awon bokiti inji a kunne. Gyaran gaskiya ma yana buƙatar kwanakin bushewa, babu musu, sai dai mai gaskiya zai jira kuɗinsa har a kunna. Kayan aiki ku saya da kanku ko ku bi shi shago, ku karɓi rasit, ku karanta abin da ke jikin galan. MoMo na nuna sunan mai karɓa kafin ka sa lambar sirri. In sunan ya bambanta da na Ghana Card ɗinsa, ya ce layin matarsa ne ko na yaronsa, a dakata. In ya ce kamfani ne, ya nuna takardar rajista, ya kuma kai ku gidan da ya gyara tun bara, ku ga bangon yana zuba da idonku. 'Yan uwa na waje, bidiyon da za ku nema shi ne na bayan bango da na alamar bokiti, ba na gaban da aka wanke aka kunna wa fitilu ba.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, na san akwai kunya, musamman ga yaron da aka ba amana, yana tsoron Yaya ya ce shi ya ci kuɗin. Kada a goge komai: saƙon MoMo mai lambar ciniki, hirar WhatsApp, hoton tallar, har galan ɗin da suka bari. A kai wa 'yan sanda, domin karɓar kuɗi da yaudara laifi ne a ƙarƙashin sashe na 131 na dokar manyan laifuka ta Ghana ta 1960. Tunda ta intanet suka same ku, a kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa, a kuma sanar da kamfanin layin da aka tura kuɗin. A ɗauki hoton shafin nasu tun yau, don sukan sauya suna da lamba su dawo da bidiyoyin nan dai nasu na da.