Kifin robar da aka yi don giwan ruwa, karfasa yake kamo min a Tiga

Duk wanda zai sayi kifin robar nan da ake sayarwa a shagunan kayan kamun kifi na Sabon Gari, to ya cire giwan ruwa daga ransa in dai daga gaɓa zai riƙa jefawa. Nawa ya kai tsawon tafin hannu, baya shuɗi, ciki fari mai sheƙi, da ƙugiya biyu masu baki uku-uku. A gaba akwai ɗan leɓe da ke sa shi nutsewa yana karkaɗa jiki in ana jan zare. Kwalin ba suna, sai hoton ƙaton kifi. Mai shagon cewa ya yi, "Malam, wannan manya yake kira, ƙananan ma tsoronsa suke ji."

Ni mutumin Rurum ne, a bakin ruwan Tiga na tashi, madatsar da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako. Giwan ruwa tana nan, amma zurfi take so, sai mai kwale-kwale. Waɗanda aka ce suna tsoron abin, su suka yi ta afka masa: karfasa, wata ma da kyar ta fi shi tsawo.

Ba yunwa ke kawo ta ba. Karfasa ba ta farautar kifi, gansakuka da ciyawar ruwa ne yawancin abincinta. Amma da zafi ya shigo, har zuwa farkon damina, sai ta matso inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ta share gurbi a yashi don ƙwai. A lokacin duk abin da ya gifta ta kan gurbin sai ta kai masa karo don ta kore shi. Shi ya sa da yawa ba a baki ƙugiya ke kama su ba, sai a kumatu ko gefen ciki. In ka ja da sauri ba ta kula ka. Sai ka ja a hankali, ka ɗan tsaya, abin ya fara tasowa sama, nan take zuwa. Da hunturu ya kama, ruwa ya yi sanyi, shiru kake ji.

Wanda ke cizonsa da gaske tsage ne, shi kuwa haƙoransa sun kankare fentin, kuma in ba ka ɗaura 'yar waya tsakanin zare da kifin robar ba, zai datse ya tafi da kuɗinka.

Aibin kifin robar ƙugiyoyin. Sun yi wa karfasa girma, suna yaga ta, wadda ka so mayarwa ruwa don ƙanƙanta ba ta rayuwa. Tsatsa kuma tun damina ba ta yi nisa ba. Ga maƙalewa a kututturan da ruwa ya shanye, sai ka tuɓe riga ka shiga cirowa. Na cire ƙugiyar da ke wajen cikinsa gaba ɗaya, ta wutsiyar na sauya da ƙaramar ƙugiya mai baki ɗaya, irin ta fatsar yara. Maƙalewar ta ragu sosai, karkaɗawar ma ba ta lalace ba.

Kawuna, wanda da kamun kifi da kalli da mamari ya aurar da 'ya'yansa, ya juya abin a hannu ya ce, "Ɗana, da kuɗin wannan abin wasan da ka sayi kwalin ƙugiya, tana kuwa kyauta ce a fadama." Gaskiyarsa. Mai neman na cefane, tana da gara sun fi masa. Ni dai ina koyarwa a firamare, bayan la'asar nake zuwa, kuma ganin karfasa ta taso da faɗa a ruwa garai-garai yana min daɗi.

In za ka saya, nemi ƙarami, kamar tsawon yatsa, ka haɗa da waya da ƙugiyar canji tun a shagon.