Rigunan ƙungiyarmu daga wani shago a Wudil

Tun zamanin da babana ke tsaron gida, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu rigunan gwanjo take sakawa, lamba kuwa da fenti ake rubutawa. Bana muka yi karo-karo, na kai aikin wani shago a Wudil ranar Juma'a, ranar kasuwa. Rawaya da kore muka zaɓa irin na Kano Pillars, don dattawanmu ba su san wata ƙungiya ba sai Masu Gida.

Yadin yana shan gumi, wanki biyar bai zuba ba. Amma alkawarin mako guda ya koma uku, lambar gola kuma ta fara ɓarewa tun wasanmu da 'yan Gaya. Mai shagon ya ba da haƙuri, ya sake bugawa kyauta. Wandunan dai sun matse 'yan baya, musamman kyaftin.