Mita 139 suka rage mini: sharhi kan hawan Kilimanjaro ta hanyar Machame

Na yi tafiyar hawan Dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya a watan Satumba tare da wani kamfanin jagorancin mahaya duwatsu, kuma ban kai ƙololuwa ba. A Stella Point na tsaya, a tsayin mita 5,756 daga doron teku, alhali ƙololuwar Uhuru, wadda babu wurin da ya kai ta bisa a nahiyar Afirka, tana kan mita 5,895. Na faɗi wannan tun da farko domin mai karatu ya san cewa yabon da zan yi wa ma'aikatan da suka raka ni ba na wanda farin cikin nasara ya rufe wa ido ba ne, kuma ƙorafin da zan yi a kan ofishin kamfanin yana da tushe.

Dokar gandun dajin ba ta yarda kowa ya hau dutsen ba tare da jagora mai lasisi ba, saboda haka dole mutum ya bi ta hannun kamfani. Cikin hanyoyin da ake bi, irin su Marangu da Lemosho da Rongai, na zaɓi Machame, wadda ake sayarwa iri biyu: ta kwana shida da ta kwana bakwai. Da na tambayi ofishin bambancinsu, amsar da aka ba ni ita ce mai ƙoshin lafiya da ke motsa jiki ba zai sha wahala da ta kwana shida ba. Na karɓi wannan magana domin ta dace da aljihuna da kuma hutun da nake da shi. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, ƙarfin jiki dabam, sabawa da ƙarancin iska a tsauni dabam, kuma kwanan da aka cire shi ne wanda jiki ya fi bukata.

Kwanakin farko sun tafi lami lafiya. A ƙofar Machame, wajen mita 1,800, an yi mana rajista, aka kuma auna kayan 'yan dako a sikeli, domin ƙa'ida ba ta yarda ɗan dako ya ɗauki kayan tafiya fiye da kilo 20 ba. Na tsaya na kalli awon da idona, kuma ban ga an yi wata kumbiya-kumbiya ba. Daga nan muka ratsa kurmi mai laima da taɓo, washegari muka fito sarari zuwa zangon Shira. Kullum kafin mu iso zango mukan tarar an kafa tantuna, an tace ruwan sha, miya mai zafi tana jira, duk da cewa mun bar 'yan dakon nan da safe suna naɗe kaya, sun kuma wuce mu a hanya da lodi a ka. Abincin ba na ƙawa ba ne, amma yana zuwa da zafinsa kuma a kan lokaci, kuma mai girkin ya lura cewa sha'awar ci tana raguwa yayin da ake ƙara bisa, sai ya riƙa sauƙaƙa abin da yake dafawa.

Babban jagoranmu, wanda zan kira madugu domin aikinsa ke nan, mutum ne marar yawan magana. Kalmar da ta fi fita daga bakinsa ita ce “pole pole”, wato sannu a hankali da harshen Suwahili, kuma ya tilasta mana tafiyar hawainiya tun a kurmi, lokacin da kowa ke jin zai iya ninka saurin. Yana kirana “kaka”, abin da ya ba ni mamaki har sai da na gane cewa ɗan'uwa namiji kalmar take nufi a harshensu. Safe da yamma yakan maƙala wa kowa ƙaramar na'ura a yatsa domin auna iskar oksijin da ke cikin jini da bugun zuciya, ya rubuta a littafi, sannan ya yi tambaya a kan ciwon kai da barci da cin abinci da fitsari. Bai taɓa wuce wannan ba ko da an gaji.

A rana ta uku aka hau da mu zuwa Lava Tower, kusan mita 4,600, muka ci abincin rana a can, sannan muka gangaro muka kwana a Barranco, ƙasa da mita 4,000. Hikimar ita ce a ɗanɗana wa jiki bisa da rana, a kwantar da shi ƙasa da dare, domin ya fara daidaita numfashinsa. A Lava Tower ciwon kai ya fara kama ni, amma ya lafa da muka sauko. Madugu ya tambaye ni ko ina shan Diamox, maganin da wasu mahaya ke amfani da shi domin saurin sabawa da tsauni, na ce ban zo da shi ba. Bai matsa ba, ya ce wannan magana ce da ta kamata a yi da likita tun kafin tasowa.

Rana ta huɗu ce ta karya ni, kuma a nan ne bambancin kwana shida da kwana bakwai ya fito fili. Da sassafe muka hau Bangon Barranco, hawan da ya kai mita 250 da ɗoriya wanda ake haɗawa da hannu a wasu wurare, ko da yake bai kai yadda yake ban tsoro daga ƙasa ba. Muka gangara kwarin Karanga muka sake hawa. Masu tafiyar kwana bakwai a Karanga suke yada zango, su huta, washegari su yi gajeriyar tafiya zuwa Barafu, zango na ƙarshe kafin ƙololuwa. Mu kuwa abinci kawai muka ci muka wuce, ba mu isa Barafu ba, a mita 4,673, sai da yamma liƙis. Babu ruwa a wannan zango, daga kwarin Karanga 'yan dako ke ɗauko shi a ka, abin da ya sa na daina kallon kofin shayi a matsayin ƙaramin abu. Aka ce mu kwanta, za a tashe mu ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ban runtsa ba, wani ɓangare saboda haki, wani ɓangare kuma saboda jakar barcin da na yi haya daga kamfanin ta tsufa, sanyi yana ratsa ta kamar gyale.

Da tsakar dare muka kama hanya da fitilu a goshi. Hawan daga Barafu zuwa bakin ramin Kibo, wato tsohon ramin aman wuta da ke saman dutsen inda Stella Point take, ya haura mita 1,000, a kan tsakuwa da ke zamewa ƙarƙashin ƙafa, cikin sanyin da ya daskarar da ruwan da ke bututun shan ruwa na jakata tun kafin ƙarfe uku. A irin wannan bisa, oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi kusan rabin na bakin teku ne. Jagorori suna rera waƙa domin kada barci ya ɗauke mu, suna buɗe mana gora, suna gyara mana safar hannu. Mu shida ne, jagorori huɗu, kuma sai a daren na fahimci amfanin wannan adadi: da wata abokiyar tafiyarmu ta fara amai, jagora ɗaya ya koma da ita, sauran ba su tsaya ba.

Na isa Stella Point daidai fitowar rana daga bayan Mawenzi, wani ƙoƙon dutsen da ke gabas, ƙanƙarar da ta rage a kan dutsen tana sheƙi a gefe guda. Daga nan zuwa Uhuru tafiya ce ta kimanin awa ɗaya a gefen ramin, ba ta da tsananin hawa. Na miƙe zan ci gaba, madugu ya riƙe hannuna ya ce in yi tafiya a kan layi ɗaya, diddigen ƙafa yana taɓa yatsun ɗayar. Taku uku na yi na karkace. Ya tambaye ni sunan zangon da muka kwana, na daɗe kafin in tuna. Tangaɗi da rikicewar tunani alamu ne na kumburin ƙwaƙwalwa da tsauni ke jawowa, kuma babban maganinsa shi ne sauka ba tare da ɓata lokaci ba. Na roƙe shi, na yi fushi, har na tuna masa kuɗin da na biya, maganar da nake jin kunyarta har yanzu. Bai ɗaga murya ba, bai kuma sassauta ba. Ya ɗauke mini hoto a gaban allon da ke ɗauke da sunan wurin, ya haɗa ni da mataimakinsa, aka gangaro da ni ana riƙe da kafaɗata. Kafin mu isa Barafu hankalina ya dawo, da muka kai zangon Mweka, wajen mita 3,100, ciwon kan ya tafi gaba ɗaya.

Sauran ƙorafina a kan tukwici ne. Al'ada ce a wannan dutse a bai wa jagorori da 'yan dako da mai girki tukwici a ranar ƙarshe, kuma babban kaso ne na abin da suke komawa gida da shi, amma ofishin bai faɗa mana yawan ma'aikatan da za su raka mu ba, sai a ƙofar shiga muka ƙirga su. Muka kwana a Mweka muna harhaɗa daloli da shilin Tanzaniya. Mun miƙa wa kowa nasa a hannunsa, kuma madugu da kansa ya ba da shawarar a yi hakan.

A ƙofar Mweka aka ba ni takardar shaidar isa Stella Point. Zan sake tafiya da wannan madugu da mutanensa idan Allah ya kai mu, amma ta kwana bakwai zan biya ko kuma in bi Lemosho mai tsawo, zan zo da jakar barcina, kuma zan nemi a rubuto mini adadin jagorori da 'yan dako kafin in tura ko sisi.